Darasi na 14: Ɗan Maciji, Cinsa da Kiwonsa

Jama'ar Gwaska, darasinmu na yau a kan maciji ne. Kowa a ajin nan ya san shi. Maza suna gamuwa da shi a gona, mata suna gamuwa da shi wajen yin itace. Da an ce "maciji!" sai kowa ya rarumi sanda. Amma ko kun san akwai ƙasashen da ake kiwon maciji a cikin ɗaki, kamar yadda muke kiwon tantabara? Bari mu ji yadda suke yi, sa'an nan mu ga abin da za mu ƙaru da shi a garinmu.

Macijin masara

A ƙasar Amurka, wajen kudu maso gabas, a jihohi irin su Fulorida da Jojiya, akwai wani maciji da suke kira macijin masara. Jikinsa ruwan goro ne, da jajayen tabo a gadon baya. An ce ya sami sunan nan ne don manoman can sukan same shi a rumbun masara. Ɓerayen da ke cin masarar su yake biyowa. Ba shi da dafi. In ya kama ɓera sai ya nannaɗe shi ya matse, kamar yadda mesa take yi, sa'an nan ya haɗiye shi ɗungum.

Babbansa yakan kai ƙafa 4 ko 5. Macen takan saka ƙwai 10 zuwa 30, ta tafi abinta. Bayan kamar wata 2 sai su ƙyanƙyashe. Ɗan yakan fito da tsawon taƙi guda da ɗan ɗori, kaurinsa kamar na fensir. Ba uwa, ba nono. Tun ranar farko shi ke riƙe da kansa. A daji yakan yi shekara 6 zuwa 8. A hannun mai kiwo kuwa, in an lura da shi, yakan kai shekara 20.

Wurin kwanansa

Mai kiwo yakan sa shi cikin ɗan akwati mai ƙananan ƙofofin shan iska. Murfin sai mai kamawa sosai, domin duk inda kan maciji ya shiga, jikinsa ma zai bi. Akan shimfiɗa takarda a ƙasa, a ajiye ɗan kasko na ruwa marar zurfi, a riƙa sake ruwan kullum.

Maciji ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mutum ko akuya. Daga rana da ƙasa yake samun ɗumi. Shi ya sa kuke ganinsa da hantsi a kan dutse yana shan rana. Saboda haka mai kiwo yakan ɗumama gefe ɗaya na akwatin, ya bar ɗayan da sanyi-sanyi. In macijin ya ji sanyi ya matsa nan, in ya ji zafi ya koma can. A kowane gefe akan kifa masa wani abu da zai shige ya ɓuya, kamar ɓarin ƙwarya. Ɗan maciji matsoraci ne ƙwarai, don a daji shaho da shirwa ba su bar shi ba. In bai sami maɓoya ba sai ya ƙi cin abinci.

Abincinsa

Da ya ƙyanƙyashe ba a ba shi kome. Sai an jira ya yi saɓar fari, watau bayan kamar mako guda. Sa'an nan a ba shi jinjirin ɓera guda, irin ja ɗin nan da bai yi gashi ba. Daga nan sai a riƙa ba shi guda ɗaya duk bayan kwana 5 zuwa 7. Ba ya shan madara, ba ya cin hatsi ko ganye.

Ga ka'idar masu kiwo: kada abin da za a ba shi ya fi tsakiyar jikinsa kauri da yawa. In ya yi masa girma zai amayar. Matacce ake ba shi, domin ɓera mai rai, in ya yi haƙori, yana iya cizon macijin ya yi masa rauni. In ya ci, ba a taɓa shi sai bayan kwana 2. Sanyi ma yakan hana abincin narkewa, ya sa shi amai.

Lokaci lokaci za a ga idonsa ya yi hazo-hazo, launinsa ya dushe, ya daina ci. Wannan alamar saɓa ce. Sai a ƙyale shi, a tabbata akwai ruwa da ɗan danshi. Lafiyayyen maciji yakan tuɓe saɓarsa gaba ɗaya kamar an tuɓe safa. Kuma duk wanda ya taɓa maciji ko akwatinsa sai ya wanke hannu da sabulu, don kashinsa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo.

Haihuwar gida da kamun daji

Masu kiwo sun ce wanda aka ƙyanƙyashe a gida ya fi. Ya saba da mutane, ya saba da cin ɓera, an kuma san iyayensa. Na daji kuwa yakan zo da kaska da tsutsar ciki. Ya saba da cin 'yan ƙadangaru da kwaɗi, sai a ba shi ɓera ya ƙi. Da yawa haka suke ramewa har su mutu. Kun ga ashe wanda ya kamo na daji bai yi masa gata ba.

To, mu fa?

Macijin masara babu shi a dajinmu. Amma muna da mai irin aikinsa. Masana suna kiransa macijin gida. Baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa, jikinsa sumul yana ƙyalli, da dare yake yawo. Shi ma ba shi da dafi. Yana ƙarami yakan ci tsaka da 'yan ƙadangaru, in ya girma ya koma cin ɓera. Yana bin ɓera har cikin rami, inda kyanwa ba ta iya shiga.

Kun san ɓarnar ɓera. Ya ci dawa, ya ci masara, ya huda buhu, ya yi fitsari a kan saura. Akwai ma irin ɓeran da ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda likitoci suka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Ashe macijin da ke cin ɓera ɗan ƙodagon manomi ne wanda ba a biya.

Amma ku buɗe kunne da kyau. Mai kiwo a Amurka ya san abin da ya saya. Yaron da ya tsinci ɗan maciji a kunyar gona bai san abin da ya tsinta ba. Ɗan kububuwa da ɗan kasa da ɗan gamsheƙa duk da dafinsu suke zuwa duniya. Ƙanƙantarsu ba ta hana su illa. Har wa yau akwai wani ɗan baƙin maciji mai zama cikin ƙasa, wanda ya yi kama da macijin gida ƙwarai. Ko ta wuya aka riƙe shi yana iya karkato haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Mutane da yawa sun ɗauke shi a kan marar dafi ne, suka sha wuya. Ko gardi, mai wasa da maciji, wata rana akan sare shi.

Saboda haka kada ku bar yaro ya ɗauki ɗan maciji, ko ya sa shi a gwangwani wai zai yi kiwo. In kun gan shi a daji, ku ba shi hanya. A gandun dajin Kamuku da ke ƙasarmu ta Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999, doka ta hana kama dabba ko kashe ta.

Yadda za ku raba gidanku da maciji

Abin da mai kiwo yake tanada wa macijinsa shi ne abinci da maɓoya da ɗumi. Gidan da ya tara waɗannan uku ya gayyaci maciji, mai dafi da marar dafi.

1. Ku yaƙi ɓera. Ku rufe hatsi, ku liƙe ramuka, ku share ƙarƙashin rumbu.
2. Ku nome ciyawa kewaye da gida. Ku ajiye tarin itace da kara nesa da ɗakin kwana.
3. Kada ku fita da dare ba fitila, ba takalmi.
4. Kada ku sa hannu cikin rami ko suri ko kogon itace.
5. Da kaka, ku juya dami da sanda kafin ku ɗauka. Farkon damina da lokacin girbi su ne aka fi samun sara.

In an sari mutum

Kububuwa ita ta fi kashe manoma a ƙasashenmu na Arewa. Ba ta cika wuce ƙafa 2 ba. In ta fusata takan goga jikinta da juna, a ji ƙara kamar ana zuba ruwa a kan garwashi. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya wuni garau, daga baya jini ya ɓalle ta dasashi ko ta fitsari. Kada lafiyar ranar farko ta ruɗe ku.

1. A kwantar da hankalin wanda aka sara. Kada ya yi gudu.
2. A cire zobe da awarwaro da takalmi kafin wurin ya kumbura.
3. A ɗora wa ƙafar ko hannun kara, kamar ɗorin karaya, don kada ya motsa.
4. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. Ɗaurin nan yakan kashe gaɓar har a yanke ta.
5. A ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Allurar kashe dafi ita ce magani.
6. In gamsheƙa ta yi wa mutum tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti.

A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara kan saran maciji. A shekarar 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Ku tambayi malamin asibiti tun yanzu inda ake samun allurar nan kusa da mu, kada sai abu ya faru. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya kai macijin masara rumbu?
2. Bayan kwana nawa ake ba ɗansa abinci?
3. Don me masu kiwo ba su son kamun daji?
4. Waɗanne abubuwa uku ke jawo maciji gida?
5. Faɗi abubuwa uku da ba a yi wa wanda aka sara.

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau 3 a littafinsa, ya je gida ya karanta wa iyalinsa: Ɗan maciji ba abin wasan yara ba ne.