Yadda Piper Malibu ta ci kasuwar da Mooney ta faɗi a ciki

Jama'a, darasinmu na yau a kan ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya wanda ake matse iska a ɗakinsa. Me ya sa ake matse ta? A tsayin ƙafa 25,000 jirgi ya fi gudu, kuma yana wuce yawancin hadari ta sama, amma matsin iska a can bai kai kashi 40 cikin 100 na na ƙasa ba. Mutum ba tare da oksijin ba, cikin minti 3 zuwa 5 hankalinsa ya fara gushewa.

Kamfanin Mooney na Amurka ne ya fara gwadawa da M22 Mustang, wanda ya fara tashi a 1964. A 1967 har ya tashi daga New York zuwa Paris bai yada zango ba. Sai dai fa jirgin ya yi nauyi, ya yi tsada, asara ake yi a kansa. Ba a ƙera ko 40 ba aka daina a 1970.

Cessna ta bi hanya mai sauƙi. A 1978 ta ɗauki Centurion ɗinta da aka saba da shi, ta ƙarfafa jikinsa, ta rage girman tagogi, aka samu P210. Ya yi kasuwa, amma bambancin matsin da yake iya riƙewa psi 3.35 ne kawai, domin tun asali ba don haka aka zana jikinsa ba.

Ita kuwa Piper daga tushe ta faro. Malibu ya fara tashi a 1979, ya samu lasisi a 1983. An yi jikinsa kusan zagaye, saboda zagaye ya fi raba matsi daidai. Yana riƙe psi 5.5, wato jirgi na ƙafa 25,000, amma fasinja na shaƙar iska kamar yana ƙafa 8,000. Na buga lissafin: psi 5.5 kusan tan 3.9 ne a kan kowace murabba'in mita. Ku duba abin da ƙofa kaɗai ke ɗauka!

To daga ina iskar take zuwa? Daga tobocajar injin ake ɗibarta, a sanyaya, a tura cikin ɗaki, sannan wani bawul ya riƙa sakin rarar. A nan haɗarin yake: inji ɗaya ne. In ya mutu a sama, ƙarfi ya tafi, matsin ɗaki ma ya bi shi. Shi ya sa dole matuƙi ya ajiye oksijin kusa da hannu, ya fara sauka nan take.

A ganina darasin da injiniya zai ɗauka shi ne: gyaran tsohon zane yana da araha da sauri, amma iyakarsa na nan tare da shi. An daina P210 a 1986, zuriyar Malibu kuwa har yau ana ƙera su a Vero Beach, jihar Florida.