Yadda Ake Dama Kunun Hulba Domin Mai Jego

Ƙwayar nan rawaya mai ɗaci da muke kira hulba, sunan da muka gada daga Larabawa, Farisawa kuwa suke ce mata shambalile, tsohon magani ce a wurin hukama, domin Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya ambace ta cikin littafinsa Alƙanun, haka nan Ibnul Ƙayyim ya yi mata fasali cikin bayanin ɗibbu. Farisawa ganyenta suka fi ƙauna: su busar da shi, su soya da lawashi, su dafa da nama da jan wake da busasshen lemun tsami, miyar da suke kira gorme sabzi, wadda suke alfahari da ita. Mu kuwa, tun daga rugagen N'Guelbély har Diffa da bakin Komadugu, ƙwayar muke nema, musamman idan Allah Ya sauki mace lafiya ana fatan ruwan nono ya wadata.

Da farko uwar mai jego za ta tsince hulbar, ta fitar da tsakuwa, ta wanke, ta jiƙa ta kwana, saboda jiƙon shi ke karya kaifin ɗacinta. Da gari ya waye sai ta tsiyaye ruwan, ta shanya a faifai har ta bushe ƙarau, sa'an nan ta gasa a kasko bisa wuta kaɗan, tana juyawa, domin in ta ƙone ɗacin ya dawo ninki biyu. Bayan ta huce, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya.

Daga nan a kwaɓa garin gero da ruwan sanyi, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin hulba, a kwarara tafasasshen ruwa ana damawa har ya yi kauri babu gudaji, a ƙara madarar shanu da aka dafa, da zuma ko dakakken dabinon Bilma.

Wajibi ne a kiyaye abu biyu: mai ciki ta nisance ta, mai ciwon suga kuma ya shawarci likita, gama tana saukar da sukarin jini. Warin da take fitarwa cikin gumi kuwa ba cuta ba ne. Mai jego ta yi haƙuri da shi, ta sha kununta da ɗumi, safe da maraice, ta yi bismilla.