Yadda ake ziyartar Badagry cikin yini ɗaya

Badagry gari ne na bakin ruwa a yammacin jihar Legas, dab da kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Wani dogon rafi ne ya raba shi da Tekun Atlantika, kuma yawancin mutanensa 'yan ƙabilar Ogu ne, waɗanda sarkinsu ke riƙe da sarautar Akran. Garin ya yi suna ne ta dalilin cinikin bayi, da kuma zuwan 'yan mishan na farko. Wuraren tarihinsa na kusa da juna, don haka yini ɗaya ya isa, muddin an bi su daki-daki: a fara da cikin gari, a haye rafi, a ƙare a bakin teku.

Mataki na 1: Zaɓen lokaci da shiri

Lokacin rani ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Maris, domin ruwan sama na yawaita a wannan yanki daga Afrilu zuwa Yuli. Ana tanadar takalmi mai sauƙin tafiya a yashi, da hula ko laima, da ruwan sha, da tsabar kuɗi, tunda kowane gidan tarihi yana karɓar kuɗin shigarsa daban. Katin shaida ma wajibi ne, saboda hanyar ita ce mai zuwa kan iyakar Seme, kuma akwai shingayen kwastan da na jami'an shige da fice.

Mataki na 2: Kama hanya

Daga cikin Legas ana shiga mota a Mile 2, a bi babban titin Legas zuwa Badagry. Titin na yawan cunkushewa, shi ya sa ake sammako bayan sallar asuba. Da an sauka a shataletalen garin, babur ko keke-napep zai kai mutum titin Marina da ke bakin rafi, inda yawancin wuraren suke. A nan ake ɗaukar ɗan jagora, a daidaita farashi da shi tun kafin a ɗaga ƙafa.

Mataki na 3: Gidajen tarihin cinikin bayi

Ana farawa da Badagry Heritage Museum, wanda ke cikin tsohon ofishin D.O. da aka gina a 1863. Hotuna da kayayyakin da ke ciki sun bi tarihin cinikin daga kame har zuwa haramtawa, kuma su ne za su haska wa maziyarci abin da zai gani a gaba. Daga nan sai gidan tarihin iyalan Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari na ainihi da ake ɗaure mutane da su. Na uku shi ne kurkukun Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa sayar da shi zuwa Barazil, ya dawo ya zama dillalin bayi. Ginin na da ƙananan ɗakuna 40 da ake cusa kamammu kafin jirgi ya iso. Kasuwar Vlekete, inda ake yin cinikin, ba ta da nisa. A duk waɗannan wurare ana neman izini kafin ɗaukar hoto, kuma ana sassauta murya, don wuraren juyayi ne.

Mataki na 4: Gine-ginen zamanin mishan

A bakin Marina akwai benen da aka fi sani da bene na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan na C.M.S. suka kammala a 1845. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya zauna a cikinsa. Akwai kuma wata alama da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a 1842. Daga Badagry ne kuma Bature matafiyi Hugh Clapperton ya kama hanya a 1825 zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a can ya rasu a 1827. Ta nan abokin tafiyarsa Richard Lander ya biyo a hanyarsa ta komawa Ingila.

Mataki na 5: Hayewa tsibirin Gberefu

Kafin rana ta take, ana shiga kwale-kwale mai inji a haye rafi, ketarar 'yan mintuna. Ba a shiga sai an sa rigar kariya daga nutsewa, kuma ana guje wa jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. A tsibirin, ana bin hanyar yashi da bayi suka taka a ƙafa. A tsakiyarta akwai wata rijiya wadda tarihin baka ya ce ana tilasta musu shan ruwanta don su manta da gida. Hanyar ta ƙare ne a gaɓar teku, wurin da jiragen Turawa ke kwashe su, wanda a yau aka gina wa abin tunawa. Inuwa ta yi ƙaranci a hanyar, saboda haka tsofaffi da yara su riƙa tsayawa suna hutawa.

Mataki na 6: Abinci da hutu

Bayan an dawo gari, akwai masallatai don sallar azahar, da wuraren cin gasasshen kifi da shan ruwan kwakwa, wadda yankin ya yi suna da ita. Mai son hutawa zai iya zuwa Suntan Beach a hanyar Seme, ko Whispering Palms a Iworo. Igiyar tekun na da ƙarfin ja, don haka wanda bai ƙware a iyo ba ya tsaya a gaɓa.

Mataki na 7: Komawa

Ana barin garin bayan la'asar don a shiga Legas da sauran haske. Wanda ke son ganin kiɗan gangar Sato da wasan dodon Zangbeto, sai ya daidaita zuwansa da bikin garin da ake yi a watan Agusta, ya kuma kama masauki tun da wuri ya kwana.