Bitamin E: abin da ke ɓacewa in harawa ta yi fari

Ya ku makiyaya da manoma masu kiwo na Cadawa da kewaye, kun san yadda bazara take. Tunkiya ta haihu, ɗan ya sha nono kwana goma ko sati uku lafiya lau, sai a wayi gari ƙafafunsa na baya sun sandare. Shina son mama amma ba ya iya tsayuwa ya kama. Wani kuma cikin wasa zai faɗi, kafin a ɗauko ruwa ya mutu. Sau da yawa akan ce iska ce. Ɗaya daga cikin dalilan wannan shi ne ƙarancin bitamin E da wani sinadarin ƙasa da ake kira seleniyom.

Mine ne aikinsa?

Ku dubi hauyar da aka bari waje, iska da raɓa suna sa mata tsatsa. Ku dubi man gyaɗa da ya daɗe a buɗe, sai ya canza wari ya yi maƙaƙi. Jikin bisa ma haka yake. Iskar da take shaƙa ita ke ƙona abinci ya zama ƙarfi, amma wajen ƙonawar akwai tartsatsi da ke cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin nama. Bitamin E shina zaune cikin wannan kitse, shina tare tartsatsin. Seleniyom kuma shina share wanda ya kuɓuce. Zafin rana, ciki, shayarwa, cuta da doguwar tafiya duk suna ƙara wannan ɓarna. In masu tsaron sun yi kaɗan, naman cinya da na zuciya su ne ke fara lalacewa. In an yanka za a ga zane-zane fari kamar an zuba alli. Masana sun gano bitamin E a 1922 a Amurka, amfanin seleniyom kuma a 1957.

Tumbin saniya da na akuya suna ƙera wasu bitamin da kansu, amma ban da wannan. Sai an ci shi. Shina shiga ta hanji tare da maiƙo, jiki ya ajiye kaɗan cikin hanta da kitse, ajiyar tana raguwa wata bayan wata. Gidansa shi ne ɗanyen ganye. Da damana babu damuwa. Daga ɗari zuwa bazara kuwa, kara da busasshiyar ciyawa cika ciki kawai suke yi ta wannan fanni.

Maganar harawa

Nan ne gyara yake hannunku. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka ɗora bisa rumfa ko reshen itace, rana tana dukanta wata biyar, ta yi fari, yawancin bitamin ɗinta ya tafi, ko da ɗaurin bai ragu ba. A yanke ta tun ganyen bai zube ba, a shanya ta cikin inuwa, a shigar da ita ɗaki ko a rufe ta da zana. Wadda ta riƙe korenta kada a kai ta kasuwa duka don tsadar rani. A ware wa tumaki da awaki masu ciki, musamman sati shida na ƙarshe. Gawon da kuka raya cikin gonakinku wajen Agye da Gazawa shina da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. A sassaba kaɗan, kada a yi masa kwalkwabo. Masu garka a gulbi wajen Gidan Runji su tuna da ganyen zogale da na dankali.

Abin da ya sa muke matsawa kan masu ciki: bitamin E kaɗan ne ke ratsawa zuwa ga ɗa cikin mahaifa. Rabonsa shina cikin dakashi. Jar akuyar Maraɗi da ke yawan tagwaye, a tabbata kowane ɗa ya sha dakashi tun sa'o'in farko, a riƙa wa ƙaramin in babban ya danne shi. Uwar da ta rasa shi ma takan sha wuya, mabiyiya ta ƙi faɗuwa ko hantsa ta kumbura.

Masu turka ragon layya, ku ma da ku ake. Rago wata uku a turke, daga dusa sai tunkuza. Tunkuzar da ta tsufa ta yi wari cinye bitamin take yi maimakon ta ba da shi. A saye kaɗan-kaɗan, a sansana kafin a biya.

Ba kowace sandarewa ce wannan ba. In gwiwa ta kumbura kuma jiki da zafi, wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya, maganinta daban. A kai wa malamin dabbobi ya duba. Akwai allurar AD3E, akwai kuma mai haɗe da seleniyom. Ta biyun da nauyin bisa ake auna ta, don seleniyom in ya wuce kima guba ne, yakan kashe. Kada a saye ta kan tebur cikin rana a yi da ka. Ɗan da ya sandare a ajiye shi inuwa, kada a kora shi bin garke, a tatso nonon uwar a ba shi har malamin ya iso.