Sallah Ta Gabato, Asabar Ɗaya Gare Ka: Jagora ga Baƙon Birtaniya

Wanda zai zo Birtaniya karatu ko aiki, da sanyi ake fara tsorata shi, sai tsadar haya. Ba kasafai ake gaya masa cewa lokaci ne zai fi yi masa ƙaranci ba. Zai gane haka da kansa idan Sallah ta gabato, ko hutun Disamba ya matso. A makonnin nan waya ba ta hutawa. Hajiya tana tambayar kuɗin ɗinki ko na rago, ƙanwa ta turo hoton takalmi da jaka, Kawu yana son a nemo masa tabarau, ɗan'uwa a Manchester ya sa walimar suna ranar Asabar, ƙungiyar 'yan gari kuma ta kira taro ranar Lahadi. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai duk buƙatun nan a kan kwana biyu suke sauka, kuma su ne dai ranakun wanki da guga da cefane, da kai yara Islamiyya, da ramuwar barci.

A gida hidimar Sallah ba ta zama a kan mutum ɗaya. Akwai yaron aike, akwai ƙanne, maƙwabciya za ta shigo taya suyar cincin, tela yana bakin layi, mahauci zai zo har ƙofar gida ya feɗe rago. Gwamnati ta ba da hutu, gari duka ya tsaya. A nan kuwa kai ne direba kai ne ɗan aike, uwargida ce mai girki da raino da kitso, wataƙila kuma tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. 'Yan'uwa na gida ba don rashin tausayi suke ɗora maka ba. Da tasu ranar suke auna taka. Wanda bai taɓa kwashe awa biyu a jirgin ƙasa don ya kai gaisuwar rabin awa ba, ba zai san nauyin "ka ɗan leƙa musu mana" ba. Don haka kai ne za ka fara sanin iyakar lokacin da ke hannunka, sannan ka sanar da su.

Fara da wurin aiki. Sallah ba ta cikin ranakun hutun gwamnati a ƙasar nan. A Ingila da Wales ranaku takwas ne a shekara, ciki har da 25 da 26 ga Disamba. Doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, kuma wurin aiki yana iya lissafa waɗancan ranaku takwas a ciki. Daga wannan kason za ka ciri ranar Idi. Ƙa'ida ita ce ka ba da sanarwa kafin lokaci da aƙalla ninki biyu na kwanakin da kake nema, sai in takardar ɗaukarka aiki ta tsara wani abu dabam, kuma manaja yana da ikon hanawa idan aiki ya buƙaci haka. Shawarata kada ka tsaya a kan wannan ƙa'ida. Nemi hutun tun saura wata biyu ko uku, kafin a fitar da jadawalin aiki, kuma ka nemi kwana biyu a jere. A gida sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, a nan kuwa masallatai sukan saɓa: wasu suna bin Saudiyya, wasu ganin watan Maroko. Zaɓi masallacin da za ka bi tun da wuri, ka yi wa manaja bayanin cewa ƙaramar Sallah sai daren ranar ake tabbatarwa. Musulmi da yawa a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi sukan karɓi aikin Kirsimeti domin abokan aiki su karɓar musu na Sallah. Wannan musaya tana da kyau, tana kuma jawo mutunci. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista su ma sai su nemi nasu da wuri, domin hutun ƙarshen Disamba kowa nemansa yake yi.

Makarantar yara tana amincewa da fashin ranar Idi, muddin an sanar da ita. Abin da ba ta amincewa da shi shi ne a kwashi yara a tafi gida biki ana tsakiyar zangon karatu. Tun watan Agustan 2024, tarar wannan a Ingila fam 80 ce a kan kowane yaro, uba ya biya uwa ta biya, kuma tana komawa fam 160 idan kwana 21 suka wuce ba a biya ba. Ɗalibin jami'a kuma ya kiyaye sosai. Bizarsa ta ba shi aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu. Idan buƙatun gida suka taru, zuciya takan raya masa ya ƙara awoyi a ɓoye don ya fita kunya. Kada ka kuskura. Babu atamfa ko ragon da ya kai a soke maka izinin zama, kuma iyayen da suka turo ka ba za su so haka ba da sun sani.

Sai ka san yadda ranakun kansu suke. Lahadi a nan gajeruwa ce. Dokar 1994 ta taƙaita manyan kantuna a Ingila da Wales ga awa shida kacal, tsakanin ƙarfe goma na safe da shida na yamma. Gyaran layin dogo ma yawanci a ƙarshen mako ake yi, tafiyar awa ɗaya sai ta koma biyu. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, har Azahar da La'asar da Magariba su shigo cikin awa huɗu. Ranar 25 ga wata kuwa ba jirgin ƙasa, a Landan ba bas, manyan kantuna a rufe. Wanda yake da sayayya a Peckham ko Green Street ko kasuwar Shepherd's Bush, ya yi sammako ranar Asabar, ya gama tun saura mako uku. Makon ƙarshe na cunkoso ne da tsada.

Amma duk wannan tsari ba zai tsaya ba sai an gyara abu guda, wato yadda muke amsa buƙata. An raine mu da kunya da kara, ba ma iya cewa babba a'a. Sai mu ce "to", ko "bari mu gani", ko "in sha Allahu", alhali mun san ba zai yiwu ba. Shi kuwa na can alkawari ya ji. Ya gaya wa tela, ya gaya wa yara, ya daina neman wata hanya. Saura kwana uku Sallah sai ka daina ɗaga waya don kunya, shi kuma ya ce ka shiga Turai ka canza. Zumuncin da na ga ya yi tsami a tsakanin 'yan waje da na gida, yawancinsa daga nan ya faro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Faɗin gaskiya da wuri, cikin ladabi, shi ne girmamawa. Ka ce: "Hajiya, ku yi haƙuri, bana kuɗin rago zan iya, zan turo kafin wata ya kama. Ɗinkin yara kuma a yi wa Yaya magana." Ko: "Kawu, Allah Ya ƙara girma, wannan zuwan ba zan samu nemowa ba, amma idan akwai shi a Kano a gaya mini kuɗinsa." Za a ɗan ji babu daɗi na yini ɗaya, daga nan kowa ya san inda ya tsaya.

Kuma ba duka buƙatu ne nauyinsu ɗaya ba. Iyaye suna gaba, da iyalin da ke ƙarƙashinka. Dubiya da ta'aziyya ba a ɗaga su, ko da ita ce Asabar ɗin da ka ware wa kanka. Amma bikin ƙanwar abokin aboki a wani gari mai nisa, kira da gudummawa sun wadatar, ba sai ka kashe yini da kuɗin jirgi ba.

Mai shirin zuwa gida yana da ƙarin jarrabawa, wato sautu. Da an ji kana tafe, na gida za su turo jerin kaya, na nan kuma su kawo saƙo a kai musu. Akwati kilo 23 yake ɗauka a yawancin jirage, kuma kowane abu a jerin nan wani yanki ne na Asabar ɗinka. Sa ranar rufe karɓar sautu, ka faɗa wa kowa. Abin da za a iya saye ta intanet a kawo ƙofar gida, kada ka taka kasuwa dominsa. Kada ka karɓi ƙunshin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne, domin a filin jirgi kai za a tambaya. A dawowa kuma ka sani an hana shigo da nama da kayan madara daga Nijeriya ko Nijar. Kilishi da dambun nama da man shanu duk suna ciki. Gaya wa Gwaggo tun kafin ta wahalar da kanta.

Kuɗi ma a tsara shi. Yanke abin da za ka iya bayan haya da abinci, ka tura sau ɗaya ga mutum ɗaya amintacce, tare da bayanin rabon kowa. Waya kuma a sa mata lokaci, misali Lahadi da yamma a kira gida a gaisa da kowa a natse. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai suke da na nan. Uwar da ta san ranar da ɗanta zai kira, hankalinta a kwance yake.

Akwai maganar da nake so maza su ji da kyau. A gidaje da yawa maigida yakan gayyato baƙi cin tuwon Sallah ba tare da shawara ba. Uwargida ta kwana biyu a tsaye, waina da miyar taushe da suyar kaji, ta wanke tukwane cikin dare, Litinin da asuba ta kama hanyar aiki. Shi ya yi zumunci, ita ta biya da jikinta. Wannan ba adalci ba ne. Kafin ka ce wa kowa "ku zo", zauna da ita ku ƙidaya mutum nawa za ku iya. Ka karɓi cefane da shara da wankan yara. Idan gidaje huɗu ko biyar ne, a yi karo-karo, kowa ya kawo kwano ɗaya, a haɗu a gida guda ko a fili bayan Idi, kamar yadda dubban mutane suke taruwa a filin Small Heath na Birmingham. Layya kuma ba a yanka ta a gida a nan, sai a mayanka mai lasisi. Ka yi rajista da mahaucin halal tun da wuri, kuma ka sa a ranka naman yana iya kaiwa washegari ko jibi kafin ya iso.

To ina naka kason? Ware rabin yini a kowane mako, naka kai kaɗai, uwargida ma nata. Ka yi barci, ka taka a filin shaƙatawa, ka yi tilawa, ka buga ƙwallo, wayar tana gefe. Kada ka ji kamar ka ci amanar wani. Sahabi Salmanul Farisi ya tarar da ɗan'uwansa Abud Darda'i ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, ya sa shi ya ci ya kwanta, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Idan ibada ba ta zama dalilin hana jiki hutu ba, sayayyar Sallah ba za ta zama ba. Dokar aiki ta nan ma ta tanadar wa ma'aikaci hutun awa 11 tsakanin aiki da aiki, da cikakken yini guda a mako. Wanda ya kwashe yinin nan a kasuwa da jirgi mako huɗu a jere, ranar Idi a gajiye zai tashi, da saurin fushi, kuma yaransa ne za su fara ɗanɗanawa.

Kada kuma "ba ni da lokaci" ta zama ƙofar yanke zumunci. Na fi jin tsoron wannan ga ɗalibi marar iyali, musamman a Disamba, lokacin da jami'a take watsewa, gari ya yi duhu da wuri, ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki. Wannan ba hutu ba ne, kuma yana taɓa lafiya. Idan an gayyace ka, je ka, ko da kwalin dabino ne ka riƙa. Ku kuma da kuka daɗe a nan, ku nemi sababbin zuwa tun kafin ranar, domin kunya ba za ta bar su su nemi ku ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, duba kalanda yau ka ga Asabar nawa suka rage. Rubuta wa manaja neman hutu a makon nan, ka zauna da iyali ku yanke abin da za ku iya, sannan ka kira Hajiya ka gaya mata da bakinka tun da sauran lokaci. Allah Ya kai mu Sallah lafiya.