Bayani a Kan Haɗa Allon Madannai da Linzami ga Kwamfutar Makaranta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar JAMB ta jingine takarda da fensir ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, ya zama wajibi ga kowane ɗalibi mai himmar neman ilmi, ko ɗan Bichi ne ko na Ɗambatta, Bagwai, Tsanyawa ko Minjibir, ya saba da wannan na'ura kafin ranar da za a zaunar da shi gabanta. Amma abin takaici shi ne sau da yawa akan tarar da kwamfuta a ofishin shugaban makaranta an lulluɓe ta da zane, wayoyinta a naɗe cikin kwali, ana jiran wani gwani daga birni, alhali kuwa haɗa ta bai fi ƙarfin malamin da ya natsu ba.

Sharaɗi na farko shi ne a kashe na'urar, a zare ta daga wuta, sa'an nan a juyo da bayan akwatin kwamfutar wajen haske. Galibin kwamfutocin da ke isowa karkara tsofaffi ne da aka yi aiki da su a Turai ko Amurka, saboda haka a duba kusa da inda wayar wuta ke shiga ko akwai wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Lallai ne ya tsaya a 230, gama ita ce ta dace da wutar ƙasarmu. Wanda ya yi sakaci da wannan, to, ƙauri da hayaƙi ne za su sanar da shi.

Kafofin da ake haɗa allon madannai da linzami iri biyu ne. Akwai tsohuwar kafa mai da'ira, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, ana ce mata PS/2, kuma bisa al'ada an bambanta ta da launi: mai ruwan shuni ta allo ce, koriya kuwa ta linzami. Kan wayar yana da siraran allurai shida, waɗanda in ɗaya ta lanƙwashe da wuya ta koma daidai, don haka sai a daidaita shi da ramukan a tura a hankali, in ya ƙi a juya kaɗan, kada a gwada masa ƙarfi ko kusa. Irin wannan ba a cusa ta ko a zare ta na'ura tana aiki. Ta biyu ita ce USB, mai faɗi, wadda ta bayyana a 1996. Ita ba ta da wannan takura, kowane rami aka samu ya wadatar, muddin an fuskantar da kan daidai. Marasa waya kuwa, ko da yake suna da ban sha'awa, ban ga hikimar saya wa makarantar ƙauye su ba, domin batir suke ci, kuma ɗan abin da ake maƙala wa akwatin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ran da ya shige aljihun wani yaro an yi hasarar duka.

Bayan an kunna, a danna Num Lock; in ɗan haske ya kama, allo ya haɗu. A motsa linzami, a ga kibiya tana yawo a fuskar na'urar. In tana tsalle-tsalle, galibi laifin teburi ne mai sheƙi ko gilashi, sai a shimfiɗa kwali ko takarda mai kauri. Wanda kuma yake son rubuta harshenmu bisa ƙa'ida, da ɓ da ɗ da ƙ, ya shiga sashen harsuna na Windows ya ƙara tsarin Hausa.

Sauran al'amari kiyayewa ce, kuma a nan ne mutanen karkara ke da tasu jarrabawar dabam. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai har su riƙa maƙalewa, sai a riƙa kife allon ana bubbuga bayansa, a rufe shi da ƙyalle bayan an tashi. Da kaka, sa'ad da gero da dawa suka cika rumbuna, ɓeraye kan yawaita, kuma ba sa raina waya, don haka a ɗage wayoyi daga ƙasa. Kunu da ƙuli-ƙuli a bar su a waje.

Idan an kammala, a jera ɗalibai, maza da mata, kowa ya zauna ya taɓa da hannunsa, ko da da janareto ko wutar hasken rana za a tayar da ita na sa'a guda. Hukumar JAMB ta sauƙaƙa jarrabawarta, ta yadda ana iya zaɓen amsa da A, B, C ko D, a ci gaba da N, a koma baya da P, ba tare da linzami ba. Sai malami ya sa kowane yaro ya nemo waɗannan haruffa a kan allon, ya maimaita har yatsunsa su san mazauninsu.