Rundunar Laka da Ta Tsaya a Hanya: Yadda Ake Farfaɗo da Ita

Wasan yaƙin tarihi, wato jera ƙananan siffofin mayaƙa a kan tebur ko a ƙasa domin a sake buga wani gumurzu na zamanin da bisa ƙa'idojin da aka amince da su, ya fi yaɗuwa a Turai da Amurka, amma kayan haɗinsa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, inda yara suka daɗe suna gina doki da mahayinsa da laka a bakin tafki idan ruwa ya ja baya. A shekarar 1824 ne wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan Prussia, a cikin Jamus ta yanzu, wasan da ake horar da hafsoshi da shi a kan taswira, sannan a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya mai da abin nishaɗin farar hula. Malamin makaranta ko matashi mai son tarihi a gari irin Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, yana da dalili mai ƙarfi na sha'awar wannan aiki, domin Birnin Lalle, ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan sarautar Gobir, yana cikin gundumar nan, Tibiri da Maraɗi kuma suna kudu da ita. Fara aikin ba shi da wuya. Abin da ya fi faruwa shi ne a gina dawakai talatin ko arba'in cikin ɗoki, a shafa wa kaɗan launi, sannan damina ta faɗi, a tafi gona, a bar sauran a cikin kwali har shekara ta kewayo.

Galibi ana ɗora laifin tsayawar a kan rashin lokaci ko rashin fenti, alhali tushen matsalar shi ne tun farko ba a yi wa aikin iyaka ba. Wanda ya ce zai gina rundunar Gobir, bai faɗi wace Gobir ba, ya ɗauki aikin da ba shi da ranar ƙarewa, domin Gobir ta Yunfa da ke Alƙalawa a 1804 daban take da Gobir ta Sarki Ali a 1836, kuma dukansu daban suke da ta Mayaƙi wanda ya kafa Tibiri bayan haka. Saboda haka matakin farko na farfaɗowa ba a hannu yake ba, a takarda yake: a zaɓi yaƙi guda, na shekara guda, a rubuta sunansa a murfin akwatin, duk abin da bai shiga wannan yaƙi ba a ajiye shi gefe, ko da kuwa shi ne mafi kyawun abin da aka gina.

Yaƙin Tafkin Kwatto na watan Yuni 1804 ya fi kowanne dacewa da aikin da ya riga ya gaji, saboda ɓangarorinsa biyu ba su yi kama da juna ba. Jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, akasarinsu dakaru ne 'yan baka, dawakinsu kuwa, kamar yadda ruwayoyin jihadi suka nuna, ba su wuce wajen ashirin ba, yayin da Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da kuma Abzinawa masu taya shi. Amfanin wannan ga magini a fili yake, domin doki ne ke cin lokaci kuma shi ne ke karyewa, don haka wanda ya riga ya tara dawakai ya kusa gama ɓangaren Gobir, abin da ya rage masa shi ne 'yan baka, waɗanda gininsu bai kai rabin wahalar mahayi ba. Yaƙin Gawakuke na 1836, inda Muhammadu Bello ya fuskanci haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, har Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka faɗi a fage, ya fi kusa da zukatan mutanen wannan yanki, amma yana bukatar dawakai masu yawa a kowane gefe da raƙuma a kai, don haka ya fi kyau a bar shi ya zama zagaye na biyu.

Bayan an tsayar da yaƙin sai a tsayar da adadi. Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne tunanin cewa runduna sai ta cika tsakar gida kafin ta amsa sunanta. Masu wasan nan sun daɗe da warware wannan ta hanyar wakilci, wato siffa guda ta tsaya a madadin mutum hamsin ko ɗari, kuma tsarin da Phil Barker da Richard Bodley Scott suka fitar a Ingila a 1990, mai suna De Bellis Antiquitatis, ya shahara ne saboda ya taƙaita kowace runduna a gindi goma sha biyu kacal. Gindi shi ne ɗan faifan katako ko kwali da ake manna mayaƙa biyu zuwa huɗu a kai domin a motsa su tare. Idan aka bi wannan ma'auni, gefe biyu ba za su wuce siffofi casa'in da shida ba, kuma sau da yawa idan aka zazzage akwatin aka ƙirga, sai a tarar kusan rabin wannan adadi yana nan a gine.

Zazzage akwatin yana da nasa tsari. Ana kasa abin da ke ciki kashi uku: wanda ya gamu, wanda ke bukatar ɗan gyara, da wanda ya lalace, kamar dokin da gara ta cinye karan da ke cikinsa ko wanda danshi ya narkar da ƙafafunsa. Kashi na uku a jiƙa shi ya koma laka idan ba a gasa shi ba, kada a ɓata lokaci wajen ɗori. Jarabawar tana ga kashi na farko, domin hannun magini yakan ƙware a tsakanin tsayawa da dawowa, sai ya dubi aikinsa na bara ya ga muninsa, ya ce sai ya kankare launin ya sake. Wannan shawara ita ce ke mai da aiki baya, kuma ba ta da amfani, saboda ana kallon runduna ne daga tsaye, daga nisan taku ɗaya ko biyu, inda ido ba ya ganin karkacewar rawani ko kaurin wuyan doki. Abin da ido ke gani shi ne daidaituwar gindi da tsayi. Idan aka yanka gindin duka da girma ɗaya, aka shafa musu farin gam na kafinta aka barbaɗa yashi iri ɗaya, tsohon aiki da sabo sukan haɗu har mai su ya kasa rarrabewa.

Tsayi kuwa dole ne a bi na tsofaffin. Siffofin da ake sayarwa a Turai yawanci milimita 15 ne ko 28, amma laka ba ta jure wannan ƙanƙanta, ƙafar doki takan tsinke tun kafin ta bushe. Mutum mai tsayin santimita biyar zuwa shida, kusa da girman sojojin da Wells ya yi wasa da su, shi ne abin da hannu da laka za su iya. A yanke tsinke biyu, ɗaya ma'aunin dakare, ɗaya na mahayi, a rataye su kusa da wurin aiki.

Fasahar laka tana da wurare biyu da ake yawan faɗuwa. Na farko shi ne saka waya a ciki domin ƙarfi: laka tana tsukewa idan tana bushewa, waya ba ta tsukewa, don haka sai siffar ta tsage a bin layin wayar. Mafita ita ce a gina dokin lifidi a dunƙule, tunda rigar tasa ta sauko ta rufe mafi yawan ƙafafu, a huda hannun mahayi da tsinke tun laka tana ɗanye, a saka mashin waya bayan an gasa. Na biyu shi ne shanya a rana ko a iskar hunturu, wadda ke busar da baya ta bar ciki da ruwa. A shanya a inuwa, a rufe da tsumma na kwana biyu ko uku, sannan a kai wa mata masu ginin tukwane su sa a cikin gashinsu, a cikin wata tsohuwar tukunya domin kada nauyi ya danne. Siffar da ba a gasa ba ba ta ƙetare damina biyu. Akwai kuma hanyar da ya wajaba a guje mata gaba ɗaya, wato narkar da dalmar tsohon batir a zuba a mazubi, don an ji cewa da dalma Turawa suke yin nasu a da. Gubar dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara ba tare da alama a farko ba, kuma abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya, ya isa gargaɗi ga duk wanda zai yi aiki a gidan da yara ke rarrafe.

Wajen launi, ƙaranci ya fi yawa amfani. Farar ƙasa da jar ƙasa da garin gawayi da shuni, idan aka dama kowanne da ruwan ƙaro, sun wadatar da kusan komai, sai dai ƙaro yana narkewa da danshi, don haka a bi bayansa da man sheƙi na kafinta, shafi ɗaya marar kauri. Wanda ya samu fentin mai na kasuwa ya tsinka shi sosai da kananzir, in ba haka ba zai cike duk zanen da aka sha wahalar yi. Tsarin da ke gama aiki shi ne a ɗauki gindi biyu ko uku a lokaci guda, a shafa musu launi ɗaya duka kafin a koma na biyu, a gama su sarai, a ɗora su inda ake gani, sannan a taɓa na gaba. Gindi uku gamammu suna jawo mai aiki ya dawo gobe, abin da siffofi arba'in masu rabin launi ba sa yi.

A nan ne tarihi yake shiga hannu, kuma a nan ne hawan sallah yake taimako yake kuma ɓatarwa. Wanda ya kalli hawa a Maraɗi ko Tibiri ko Katsina zai ga lifidi da idonsa, wato rigar da aka cusa wa auduga aka ɗinke domin ta kare doki da mahayi daga kibiya, zai ga sulke da kwalkwali mai gashin jimina, kuma babu hoton littafi da zai maye gurbin wannan. Amma yadin da ake hawa da shi yau na kanti ne mai walƙiya, kuma yawan 'yan bindiga a hawa yana nuna ƙarshen ƙarni na 19 ne, zamanin da Tanimu na Damagaram ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa, ba 1804 ba. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Bello tana kai wa Gobirawa hari a 1826, ya bayyana 'yan lifidi masu tafiyar hawainiya da bindigogi 'yan kaɗan, kuma littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato ya nuna yadda bindiga ta ƙaru a hankali cikin ƙarnin. Don haka rundunar Tafkin Kwatto ta baka ce da mashi da takobi, da manyan garkuwoyin fatar warwaji a hannun Abzinawa, kuma 'yan lifidi su zama gindi biyu ko uku kawai, tunda kayan masu tsada ne, na bayin sarki da manyan fada.

Akwai wani dalili na tsayawar aiki da ba a cika faɗinsa ba, shi ne maganar da wani dattijo ko malami ya yi game da sura. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan yanki, cikakkiyar siffar abu mai rai wadda ke da jiki abin hani ce, an togace 'yar tsanar yara mata, kuma malamai sun fi sassauci ga zane a kan takarda. Mai hankali ba zai ci gaba a ɓoye ba, zai kai maganar gaban malaman garinsa kafin ya sake taɓa laka, ya bayyana cewa manufar koyar da tarihi ce. Idan amsar ta zo da hani, wasan bai mutu ba, domin Reisswitz da kansa ba da siffofi ya yi nasa ba, da 'yan gutsattsarin ƙarfe masu launin ja da shuɗi ya yi, kuma gindi mai ɗauke da tuta da mashi ko baka kawai yana isar da saƙon. Haka ƙwayar lido da ake jefawa domin yanke hukunci a wasan, wadda wasu iyaye ke ƙi saboda kamarta da caca, ana iya maye ta da alƙalin wasa, wanda zai duba yawan mayaƙa da yanayin wuri ya yanke hukunci, kamar yadda hafsoshin Prussia suka koma yi daga baya.

Ƙa'idojin kada su wuce shafi ɗaya. A yanke karan gero uku masu tsayi daban domin auna tafiya, mafi tsawo na barade, matsakaici na 'yan lifidi, gajere na dakaru, a ba 'yan baka damar harbi daga nesa da kuma kariya idan suna cikin sarƙaƙiya, a ba doki rinjaye a fili. Wannan kaɗai zai nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa wuri yake yanke hukuncin yaƙi fiye da yawan dawaki. Kada a jira a gama komai kafin a buga wasan farko; da zarar gindi shida sun gamu a kowane gefe a buga, a cike gurbin sauran da duwatsu, kuma a riƙa musanya ɓangare tsakanin 'yan wasa, domin a aji guda a ƙasar Dakoro ana iya samun Bagobiri da Bakatsine da Bafillace da Ba'abzine, kowa da labarin da ya ji a gida. Lokacin aiki shi ne daga ƙarshen kaka zuwa watan Afrilu, kuma kafin hadarin farko a nannaɗe kowane gindi da tsumma, a jera su a akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan duwatsu nesa da bango, tare da takardar da ke nuna gindi nawa suka gamu da wanda za a fara da shi bayan girbi.